Ƙuri'a a Cikin Hular Likita

Greenbelt, Maryland
28 ga Janairu, 1987

Zuwa ga Sa'adiya, matata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa nake aiko miki daga wannan ƙasa mai sanyi, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Sailuba da Inna. Ƙafar Inna ta daina kumburin kuwa? Yaya ɗalibanki 'yan aji huɗu, har yanzu suna sa ki shan maganin ciwon kai? Ni dai lafiya lau nake, in ban da kewarku.

Sau biyu cikin kwana biyar dusar ƙanƙara ta binne mu, har sai da aka rufe jami'a da ofisoshin gwamnati. Choji, abokin zamana ɗan Barikin Ladi, wato yayan Selinar nan mai koyon aikin jinya da na taɓa aiken ki wajenta a Sabon Gari, yini guda ya yi yana tonon tasinsa da shebur. Ni kuwa ina tsaye ina ba shi shawara irin ta injiniyoyi, shi kuma yana jifata da dunƙulen ƙanƙara.

Ga wani labari da zai ba ki dariya. Mai duba takardun karatuna ya ce ba za a ba ni digiri ba sai na ɗauki kwas ɗaya wanda ba ruwansa da siminti da rodi. Kafin in je rajista duk masu sauƙin sun cika, saura ɗaya: falsafar siyasa ta Girkawa da Rumawan dā. Na shiga ajin ina ɓata rai. Me ya haɗa mai koyon gina gada da mutanen da suka mutu shekara dubu biyu da suka wuce?

Malamar wata tsohuwa ce gajeriya, Malama Olive, tana dogara sanda, amma muryarta har ƙarshen aji. Ko sallama ba ta gama ba ta jefo mana tambaya: wa ya kamata ya yi mulki, mutum ɗaya, ko kaɗan, ko kowa da kowa? Ta nuna ni da sandar. Na ce wanda ya fi kowa sani, don ba a tara jama'ar kasuwa su ɗaga hannu a kan yawan rodin da za a sa wa gada. Ta yi dariya har da buga sanda. Ta ce wani babban masani a birnin Atina haka ya gani, amma ɗalibinsa ya ƙi yarda, ya ce wanda ke kwana a ɗaki ya fi magini sanin ko ɗakin yana yoyo. Nan take na tuna ranar da na dafa miki miyar kuka lokacin da kike jego, ina ta yabon kaina, ke kuma kina ta kurɓar ruwa. Ban faɗa wa ajin ba, amma na san ɗalibin ya kama ni.

Tun ranar nake ɗokin Talata da Alhamis. Ashe mutanen Atina, majalisarsu mai mutum ɗari biyar, ba zaɓe suke yi mata ba, ƙuri'a ake fitarwa, kan wanda ta faɗa shi ke nan, ko manomi ne ko maƙeri. Suna ganin zaɓe masu hali da masu baki yake ɗaukowa kullum. Kuma a wajen wasu masanansu, cikakken ɗan gari shi ne wanda ya iya mulki ya kuma iya zama a mulke shi, yau gare shi gobe ga wani. Yanzu in na shiga cikin Washington na ga ginshiƙan nan farare a gaban manyan gine-gine, na san inda suka samo su.

Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa tana nan tana haɗuwa Asabar ɗin farkon wata a Lanham. Dakta Maitama, likitan nan Bakano da ya tarye ni a filin jirgi ranar da na sauka, shi ne shugaba shekara goma sha ɗaya ke nan. Baba Dalyop, mai haɗa magunguna ɗan Jos, shi ne mataimakinsa tun farko, don su biyu suka kafa ta. A Afrilu za a yi zaɓe, amma kowa ya san sakamakon tun yanzu.

Ki sumbaci Sailuba a goshi, ki ce daga Baba ne. Ki gaida Inna da kyau, da duk mutanen gida.

Naki har kullum,
Almu

Greenbelt
15 ga Maris, 1987

Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kuna lafiya. Wannan karon tambaya ce ta gaske, don kwana biyar ke nan ina neman layin Zariya ta waya, bai shiga ba. Muna jin a rediyo rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Kaduna da Zariya, an ƙona majami'u da gidaje. Ina Inna? Ina Sailuba? Kuna fita kuwa?

Choji bai ji komai daga Selina ba. Ni da shi ba mu yi faɗa ba, ko kalma marar daɗi ba ta shiga tsakaninmu ba, amma gidan ya canza. Da tukunya ɗaya muke dafawa, yanzu sai ya ce ya ci a waje. In ina salla yakan rage rediyo, yanzu fita yake yi ya zauna cikin tasi. Ni ma in na buɗe baki zan yi masa jaje, sai in ji kamar ni na ƙyasta ashanar, in fasa.

Jiya aka kira taron gaggawa a Lanham, ya watse baram-baram. Baba Dalyop ya tashi yana faɗin majami'ar da aka ɗaura masa aure ta ƙone. Dakta Maitama ya katse shi, ya ce kada a kawo rigimar gida nan, kowane ɓangare ya yi asara, ya rufe taro da addu'a. Na san Likita, tsoro ya ji kada magana ta yi zafi, ba mugunta ba ce. Amma Baba Dalyop ya ɗauki rigar sanyinsa ya ce shekara goma sha ɗaya yana zaune a kujera ta biyu bai taɓa ƙorafi ba, yau kuma an hana shi ko kuka. Ya fita, kusan rabin ɗakin suka bi shi, har da Choji. An ce za su kafa tasu ƙungiyar.

Abin mamaki, a makon nan Malama Olive take ba mu labarin talakawan Rum. Da suka ga manyan gari ba sa sauraronsu, ba su ɗauki makami ba, sai suka fice daga birnin gaba ɗaya suka tare a kan wani tudu. Manyan suka waiwaya ba mai noma, ba mai zuwa yaƙi. Dole suka bi su da lallashi, aka ba su wakilai nasu masu ikon cewa an hana, kuma magana ta tsaya. Jiya kuwa da idona na ga mutane suna fita zuwa nasu tudun, ban iya cewa uffan ba. Kin san ni, in mutane sun wuce biyar harshena ɗaurewa yake yi.

Wannan takarda wani ɗalibi mai komawa Kaduna zai kawo miki. In hanya ta yi lafiya, kuma sai in ta yi lafiya, ki sa a dubo mini Selina. Kada ki je ke kaɗai.

Allah ya tsare ku. Ki gaida Inna.

Mijinki,
Almu

Greenbelt
12 ga Afrilu, 1987

Zuwa ga Sa'adiya, jarumar gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ban taɓa yi miki irinta ba. Alhamdu lillahi da kuke lafiya, alhamdu lillahi da ƙafar Inna ta saki. Sailuba kuma da kika ce ta fara haɗa kalma biyu, ki rubuto mini duk abin da take faɗa, ko da shirme ne.

Takardarki ta iso ranar Laraba ta hannun matar wani ɗan'uwanmu da ta sauka daga Kano. Ashe tun kafin in rubuta roƙona kin riga kin aikata. Ashe ran da abin ya fara kika ja yayanki a motarsa kuka ɗauko Selina, kika yafa mata mayafinki, ta yi kwana tara a ɗakin Inna. Kuma kika ba ni labarin a layi huɗu, tsakanin maganar haƙorin Sailuba da ta akuyar maƙwabta! Sa'adiya, ke wace irin mutum ce?

Choji na shigowa daga aiki na miƙa masa takardar tare da 'yar wasiƙar da Selina ta sa a ciki. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune, sannan ya kifa kansa a kan tebur ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ni ma ban tsira ba. Da muka gama sai ya miƙe ya ɗora tukunya, ya tuƙa mana tuwon garin semo mai gudaji, muka cinye tas a kwano ɗaya. Ya ce in gaya miki daga yau ba ki da wani wa a duniya da ya fi shi.

Abin da kika yi ya sa na ji kunyar shiruna. Washegari na je ofishin Malama Olive na zayyana mata halin da ƙungiyarmu take ciki. Ta saurara har ƙarshe, ta ce kada in kwafi Girkawa kamar mai satar amsa, in fara tambayar kaina wace cuta suke nema wa magani, sannan in duba ko ita ce tamu. Ta kuma ce da mutanen Atina suka gama yaƙin basasa, rantsuwa suka yi ba mai sake tayar da abin da ya wuce. Na kawo wa Choji wannan da murnata, ya ƙi sam. Ya ce ɗakin Selina ya ƙone da duk littattafanta, ba wanda zai sa shi rantsuwar mantuwa. A bar kowa ya faɗi abin da ya same shi a gaban kowa, sannan a zauna tare. Na koma na gaya wa Malama, ta ce direban tasin nan ya fi rabin ajinta, in kawo mata shi.

To, mun zauna ni da shi mun tsara shawara a takarda ɗaya. Shugabanni biyu kamar yadda Rumawa suke yi, Musulmi ɗaya Kirista ɗaya, shekara guda tak. In ɗaya ya ce bai yarda ba, magana ta tsaya sai babban taro. Ba zaɓe, ƙuri'a za a fitar kamar Atina. Likita da Baba Dalyop su zama dattawan shawara. Kuma kowa a taro minti uku gare shi, babba da yaro.

Jiya muka kai wa dattawan biyu. Muka bi ta bakin kogi, itatuwan nan masu fure ruwan hoda suna ta zubar da furensu a kan gilashin mota, na yi ta cewa ina ma kina nan. Baba Dalyop ya karanta ya ce zai zo, amma sau ɗaya. A gidansa na Annandale kuwa Likita ya karɓe mu da shayi da dabino, ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, «Almu, ni na ɗauko ka daga filin jirgi, yau kai za ka sauke ni da caca?» Na ce, ranka ya daɗe, ni dai so nake in zo taro in tarar da kai da Baba a ɗaki ɗaya. Ya ajiye kofinsa ya ce a kira taron, jama'a su yanke.

Ranar ashirin da biyar ga wata ne, kafin azumi ya kama. Ki sa Inna ta yi mini addu'a harshena ya saki.

Gaisuwa ga yayanki, ki ce na gode, na gode. Ki gaida Selina in ta leƙo.

Mai alfahari da ke,
Almu

Greenbelt
27 ga Afrilu, 1987

Masoyiyata Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da Inna da Sailuba, kuna ta shirin azumi. Ki nemi wuri ki zauna, yau takardar doguwa ce.

An yi taro, kuma ɗakin ya cika har da na tsaye. Sai dai su Baba Dalyop sun zauna hagu, su Likita dama, an bar hanya a tsakiya kamar mota za ta wuce.

Kin san Girkawa da ruwa suke auna wa mai magana lokaci a kotunansu, tulu mai huda, in ruwan ya ƙare bakinka ya ƙare. To nan injiniyancina ya yi rana. Na samo babban gwangwanin tumatir na huda shi da ƙusa, na yi ta gwaji a kicin har ya zama minti uku daidai, na zo na ɗora shi a kan kujera da roba a ƙarƙashi. Da na tashi bayani sai mutane suka shagala da kallon gwangwani, ni ma na kalle shi maimakon fuskokinsu, ban ankara ba na gama. Likita ne ya fara karɓar magana. Yana cikin gabatarwa, ko kan batun bai hau ba, ruwa ya ɗauke. Ya dubi gwangwanin ya ce a ƙara masa ruwa. Sai aka ji Baba Dalyop daga can hagu ya ce, «Maitama, ruwanka ya ƙare.» Wani ya tuntsire da dariya, sai ɗaki duka ya ɗauka, hagu da dama. Rabon da in ji mun yi dariya tare tun Fabrairu.

Daga nan aka bi shawarar Choji, kowa ya faɗi abin da ya same shi. Baba Dalyop ya ƙarasa maganar da aka katse masa, ba wanda ya motsa. Choji ya ba da labarinki da Selina, har ya faɗi sunanki sau uku, ni kuwa na sunkuyar da kai ina jin daɗi. Can sai Malam Sabo ya ɗaga hannu. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, yana gadin wurin ajiye motoci a cikin gari, shi ke jera mana kujeru kullum, kuma ban taɓa jin muryarsa a taro ba. Ashe mutumin Kafanchan ne. Ya ce gidan mahaifinsa ya ƙone tun ranar farko, tsohon yana zaune a gidan wani maƙwabcinsu Kirista har yau. Ya ce bai faɗa ba ne don ba wanda ya tambaye shi. Ko rabin ruwansa bai ci ba ya zauna. Baba Dalyop ya tsallaka hanyar nan ta tsakiya ya je ya riƙe hannunsa.

Sai maganar ƙuri'a. Likita ya sake cewa caca ce. Baba Dalyop ya ce ina caca, ai manzannin Almasihu ma da za su cike gurbin ɗayansu ƙuri'a suka jefa. Likita ya gyara zama ya ce in don wannan ne, ai tun kafin nan an yi ƙuri'a a kan wanda zai riƙi Nana Maryamu tana yarinya. Suka shiga gasar kawo hujja, kowa na son ya nuna nasa addinin ne ya riga sanin abin, har Likita ya waiwaya ya ga da bakinsa ya rushe maganarsa. Ya yi murmushi ya cire hularsa ya ce to a zuba a nan.

Ina rubuta sunaye a 'yan takardu sai Sista Irene, ma'aikaciyar jinya 'yar Kagoro, ta leƙo ta kafaɗata ta ce ina sunanta? Wallahi Sa'adiya ban lura ba, maza kaɗai na rubuta. Don in kare kaina na ce ai a Atina ma mata ba sa shiga. Ta ce, «To ka koma Atina su dafa maka shinkafar taro.» Matan ɗakin suka yi caa a kaina, Hajiyoyi da su Sista baki ɗaya. Na ce na tuba, na rubuta kowa. Na san da kina nan ke za ki fara.

Aka zuba sunayen Kirista a hular Likita, aka girgiza, shi ya sa hannu ya zaro: Sista Irene! Guɗa ta tashi. Aka juye, aka zuba na Musulmi, Baba Dalyop ya zaro, ya buɗe, ya karanta: Sabo. Bawan Allah yana can baya yana naɗe wata kujera. Ya ce a'a, a sake, shi ko sakandare bai gama ba. Sista Irene ta ce ba ta yarda ba, kuma bisa sabuwar doka magana ta tsaya. Haka aka jawo shi gaba ana tafi.

Zan gaya miki gaskiya tunda ke ce. A ƙasan zuciyata na so sunana ya fito. Ni na karanta, ni na tsara, ni na huda gwangwani. Da na ji an ce Sabo, sai da wani abu ya ɗan soke ni. A mota na faɗa wa Choji, ya yi ta dariya har ya kusa wuce mahaɗarmu a babban titin Beltway, ya ce Malama ta koya mini rabin farko, yanzu Sabo zai koya mini rabi na biyu, wato zama a mulke ni.

Abu ɗaya ne ya rage mini a rai. Likita ya karɓi hularsa, ya yi wa sababbin shugabanni murna a taƙaice, ya tafi bai tsaya cin abinci ba. Ina tsoron kada mu dawo da rabi mu rasa wanda ya tara mu.

Allah ya sa mu ga watan lafiya. Ki gaida Inna, ki ce addu'arta ta ci.

Naki,
Almu

Greenbelt
2 ga Yuni, 1987

Zuwa ga Sa'adiya, sanyin idona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Salla. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Yaya Inna ta ji da azumin? Hoton Sailuba da kayan Sallarta ya iso, na kafe shi a jikin firij, Choji kullum sai ya gaishe ta kafin ya ɗauki madara.

Wasu ƙwari masu kama da gyare, jajayen ido, sun fito daga ƙasa sun cika garin nan. An ce shekara goma sha bakwai suke yi a binne kafin su fito. Ba sa cizo, amma kukansu sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. A cikin wannan kukan muka yi bikin Salla ranar Asabar a dajin shaƙatawa na Greenbelt.

Malam Sabo ya ba kowa mamaki. Ashe mai tsara motoci ɗari uku a fili ɗaya kullum, tsara mutum tamanin ba komai ba ne a wajensa. Ya bi gida-gida da waya, ya raba aiki, ya sa su Choji su riƙe girki tun safe don mu samu mu huta, ya ce in Kirsimeti ta zo mu za mu rama. Shi da Sista Irene sun saɓa sau biyu, sun kuma shirya ba tare da an ji su ba. Ni aikin da aka ba ni wankin tukwane. Na wanke su kuwa har suna ƙyalli.

Malama Olive ta zo, Choji ya ɗauko ta a tasinsa, suna tafe suna gardama a kan ko mantuwa tana gyara gari. Ta ci tsire har yaji ya sa ta hawaye, ta ƙi a ba ta ruwa, ta ce a ƙaro. A jarrabawarta na samu maki mafi kyau da na taɓa samu a ƙasar nan, ya fi na darasin siminti, kada ki gaya wa kowa. A ƙasan takardar ta rubuta cewa duk da haka ita ma ba ta yarda a tara 'yan kasuwa su auna rodin gada ba.

Duk wannan ina yi ina duban hanya. Tun taron Afrilu Likita bai kira kowa ba. Malam Sabo ya aika masa cewa aikinsa kawo abin sha, bai amsa ba. Azahar ta yi, aka yi salla, aka fara zuba abinci, shiru. Baba Dalyop ya ƙi karɓar faranti, ya ce shi ba ya jin yunwa tukuna.

Sai ga doguwar motarsa ta shigo a hankali. Ya fito da babbar riga, ya buɗe bayan mota, ya rungumo katan ɗin lemo da kansa, ya ƙi kowa ya karɓa. Ya ratso mutane har gaban Malam Sabo ya ce, «Shugaba, ina zan ajiye?» Sabo ya rikice zai durƙusa, Likita ya ce ya miƙe, hannunsa ya gaji. Sabo ya nuna masa gindin wata bishiya. Sau huɗu yana komawa mota yana dawowa, Baba Dalyop ya tashi ya kama masa na ƙarshe.

Can da la'asar ina durƙushe a kan tukwanena sai aka ce Likita na kirana. Na same su a kan tabarma shi da Baba, sun miƙe ƙafa, faranti ɗaya a tsakaninsu, wani ƙwaron ya sauka a kan hularsa bai ma sani ba. Na tsuguna ina jiran faɗa. Ya ce ya yi wata guda yana fushi da ni, ya rasa wanda zai kai ƙarata wajensa, don duk wanda ya tuna sai ya ga ƙarƙashin Sabo yake. Baba ya yi dariya har ya ƙware. Sannan Likita ya ɗauki tsoka ya miƙo mini ya ce, «Almu, shekara goma sha ɗaya ana yin bikin nan, yau na fara cin abincinsa a zaune, da zafinsa. Ashe haka yake da daɗi?»

Na karɓa da hannu biyu, na zauna a gefen tabarmar, muka ci tare har faranti ya koma fari.

Ki gaida Inna da yayanki da Selina da duk wanda ya tambaye ni. Ki rungume mini Sailuba sosai. Ke kuma, kin san sauran.

Mijinki mai ƙaunarki,
Almu